CASPER TEN BOOM, MAI GYARAN AGOGO NA BIRNIN HAARLEM

Ya ɗan'uwa mai karatu, a ƙasar Holan, wadda ta ke yamma da Jamus, akwai wani tsohon birni da a ke kira Haarlem. A can aka haifi Casper ten Boom ranar 18 ga watan Mayu 1859. Mai gyaran agogo ne, talaka cikin talakawa, bai taɓa riƙe sarauta ba. Ya yi shekara 84 a duniya, ya mutu a hannun masu tsaron kurkuku saboda ya ba Yahudawa masauki a gidansa sa'ad da a ke farautarsu. Mun kawo labarinsa domin ka ga yadda halin da mutum ya saba da shi a kwanakin lafiya shi ne ya ke tsayawa da shi a ranar tsanani, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

GIDAN DA YA TASHI

Ubansa, Willem ten Boom, shi ya buɗe shagon agogo a Haarlem cikin shekara ta 1837. Shagon yana ƙasa, iyali kuwa suna zaune a bisa bene. Cikin shekara ta 1844 wannan Willem ya fara tara 'yan'uwa a gidansa domin su yi addu'a saboda Yahudawa da zaman lafiyar Urushalima. A wancan zamani ba safai a kan ga irin wannan a wurin Kirista na Turai ba. Da yawa suna raina Yahudawa, suna ɗora musu laifofin da ba su yi ba, sun mance cewa Ubangijinmu da manzanninsa daga cikin wannan al'umma suka fito. Casper ya tashi yana jin sunan Yahudawa a bakin ubansa cikin addu'a, saboda haka tun yana yaro bai koyi ƙinsu ba.

Da ya kai shekara 18 sai ya tafi Amsterdam, babban birnin ƙasar, ya buɗe shagonsa a unguwar da matalautan Yahudawa su ke zaune. Ya zauna tare da su, suka saba, har ya kan shiga gidajensu ranar Asabar da ranakun idinsu. Cikin shekara ta 1884 ya auri Cornelia Luitingh. Allah ya ba su 'ya'ya 5: Betsie, da Willem wanda aka sa wa sunan kakansa, da wani ɗa da ya rasu yana jariri, da Nollie, da Corrie autarsu wadda aka haifa cikin 1892. Daga baya Casper ya komo Haarlem da iyalinsa, ya gaji shagon ubansa.

Ya gwanance ga aikinsa ƙwarai, amma sha'anin kuɗi bai dame shi ba. Ya kan yi kwanaki a kan agogo ɗaya mai wuyar gyara, sa'an nan ya mance bai nemi ladansa ba. Kowace safiya da kowane dare ya kan ɗauko Littafi Mai Tsarki ya karanta sura ɗaya, iyali da ma'aikatan shago da duk baƙon da ke nan suna ji. Sa'ad da ya tafi Amsterdam cikin jirgin ƙasa sayen kayan agogo, ya kan tafi da Corrie tana ƙarama. Masu sayar masa da kayan da yawa Yahudawa ne. In an gama ciniki sai su shiga ɗakin baya, su buɗe littattafan annabawa, su yi ta muhawara cikin fara'a, yarinyar tana zaune tana kallo. Da haka ta koya cewa mutum ya iya riƙe bangaskiyarsa da ƙarfi, ya kuma girmama wanda bai yarda da shi ba.

TSOFAFFI A ƘARƘASHIN RUFINSA

Gidan ƙanƙane ne, gama tsofaffin gidaje biyu ne matsattsu aka haɗa da matakala mai murɗiya. Duk da haka 'yan'uwan matarsa mata su uku suka zauna a ciki har ƙarshen ransu. Ɗaya ta yi fama da tarin fuka, ɗaya da ciwon sukari, ba a kuwa kai ko ɗayarsu wani wuri ba, a gida aka yi jiyyarsu. Matarsa ma ciwon shanyewar jiki ya kama ta, ta yi shekaru kusan ba ta iya magana, har ta rasu cikin 1921. Bayan wannan, da ɗakuna suka zama wofi, sai ya karɓi 'ya'yan masu wa'azin bishara waɗanda iyayensu ke aiki a ƙasashe masu nisa, ya goye su kamar nasa.

Akwai wani tsoho kuma mai gyaran manyan agogo, irin waɗanda a dā su kan yi yawo gari gari da jakar kayan aiki. Zamani ya wuce shi, ba mai ɗaukarsa. Casper ya ɗauke shi aiki, ya riƙa girmama shi a gaban yaran shago. Gab da yaƙi wani saurayi Bajamushe ya zo koyon aiki a shagon, yana cikin ƙungiyar samarin Hitila. Aka lura ba ya gaida tsohon nan, daga baya aka gane ya kan bangaje shi a hanya, har wata rana tsohon ya shigo da jini a fuska. Casper ya yi ƙoƙari ya yi wa saurayin gargaɗi, amma bai ji ba, sai ya sallame shi. Corrie ta ce cikin dukan shekarun da ubanta ya yi yana riƙe da shago, wannan kaɗai ya taɓa kora. Ka lura da wannan, ya mai karatu. Mutumin da ya kan yafe bashi, ya kan haƙura da ragwanci da kuskure, bai haƙura da wulakanta tsoho ba.

ƊAN DA YA BI SAWUN UBANSA

Willem ɗansa ya yi karatun tauhidi, ya zama mai hidima cikin ikilisiya. Ya tafi Jamus ƙarin ilimi, ya rubuta littafi a kan sabuwar ƙiyayyar da a ke yi wa Yahudawa saboda jininsu, aka buga shi a birnin Leipzig cikin 1928, shekara 5 kafin Hitila ya hau mulki. Ya hango masifar tun tana nesa, amma kaɗan ne suka kula da gargaɗinsa.

Aikin da aka ba shi shi ne wa'azi a cikin Yahudawa. Shi da matarsa suka yi ta tsimi har suka buɗe gidan kula da tsofaffi a garin Hilversum, domin tsofaffin Yahudawa da na kowane addini. A nan a ke ciyad da su, a yi musu wanka, a yi jiyyarsu, a zauna kusa da su sa'ad da ajali ya zo. Ƙanwarsa Corrie ta shaida cewa ba ta taɓa jin ya juyo da ko Bayahude ɗaya zuwa addininsa ba cikin dukan shekarun nan, hidima kurum ya ke yi musu. Bai mai da kwanon abinci abin ciniki ba, bai ce sai tsoho ya karɓi baftisma kafin ya sami gado ba. Bayan 1933, sa'ad da Yahudawa suka fara gudowa daga Jamus, gidan ya cika da masu gudun hijira, har Willem da iyalinsa suka bar ɗakunansu suna kwana a zaure. A ina ya koyi wannan? A teburin ubansa, inda ya ga an ajiye wa tsofaffi wuri tun yana yaro.

RANAR TSANANI

Ranar 10 ga Mayu 1940 sojojin Jamus suka faɗa wa Holan, cikin kwana 5 ƙasar ta faɗi. A lokacin akwai Yahudawa kimanin 140,000 a ƙasar. Masu mulki suka bi su sannu sannu: aka rubuta sunayensu, aka kore su daga aikin gwamnati, aka hana su shiga wuraren taruwar jama'a, aka ƙwace dukiyarsu. Cikin Mayu 1942 aka tilasta wa kowannensu ya ɗinka tauraro rawaya a rigarsa. Daga watan Yuli na wannan shekara jiragen ƙasa suka fara kwashe su daga sansanin Westerbork zuwa gabas, zuwa Auschwitz, daga baya kuma Sobibor, inda a ke kashe su da iska mai guba.

An gaya wa mutane wai aiki za a kai su. Amma abin da aka yi wa tsofaffi da marasa lafiya ya tona ƙaryar. Cikin Janairu 1943 aka kwashe majinyata na asibitin Yahudawa masu taɓin hankali da ke kusa da Apeldoorn, mutum fiye da 1,000. Cikin Maris na wannan shekara aka kwashe babban gidan tsofaffi da naƙasassu na Yahudawa a Amsterdam. Wane aiki tsohuwa mai shekara 80 za ta yi? A sansanin kisa, tsofaffi da ƙananan yara su a ke fara warewa zuwa mutuwa, gama a idon masu mulkin nan wanda ba ya iya aiki ba shi da amfani.

Casper ya riga ya wuce shekara 80, gemunsa fari fat, mutanen gari suna kiransa Kaka. Malamin majami'ar Haarlem ya kawo masa littattafansa ya ajiye masa, gama ya san amanarsa. Wani dare cikin Mayu 1942 wata Bayahudiya ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan, da jaka a hannu. An kama mijinta, ɗanta ya ɓuya, tana jin tsoron komawa gidanta. Casper ya marabce ta, ya gaya mata mutanen Allah suna da wuri a gidansa kullum. Bayan kwana biyu wani tsoho da matarsa suka zo suna riƙe da juna don tsoro, su ma aka shigo da su. Ba a yi taro an shawarta ba kafin a buɗe ƙofar, gama ƙofar nan ta saba buɗuwa tun shekaru masu yawa.

Ɓoye mutum a wancan lokaci yana da wuya ƙwarai. Ba a sayen abinci sai da kati, Bayahuden da ya ɓuya kuwa ba shi da kati. Corrie ta tafi wurin wani ma'aikacin ofishin abinci wanda 'yarsa mai raunin hankali ta ke zuwa ajin da Corrie ta ke koya wa irin waɗannan yara, ya samo mata kati 100. Ka ga yadda alherin dā ya haifi taimako a ranar bukata. Willem ya nuna musu hanyar samun gidaje a ƙauyuka inda za a kai mutane. Masu yi wa Jamusawa tsayayya a ɓoye suka aiko da mai gini, ya ta da bangon ƙarya a ɗakin Corrie a can ƙolin bene. Aka riƙa shigo da tubali kaɗan kaɗan cikin akwatunan agogo. Wurin da ke bayan bangon bai kai ƙafa 3 a faɗi ba, mutum 6 za su iya tsayawa a ciki, ta ƙarƙashin wani kabad a ke rarrafawa a shiga. Aka sa ƙararrawa a gidan, aka riƙa gwaji har mutane suka iya kwashe kwanoninsu su ɓace cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu.

A nan ne nauyin tsofaffi ya ke fitowa fili. Saurayi ya iya hawan matakala da gudu, ya iya aiki a gona a ce ɗan gida ne. Tsoho ba ya sauri, yana tari da dare, yana bukatar magani, in kuwa ya mutu a maɓoya sai an san yadda za a yi da gawarsa. Saboda haka gidaje da yawa da su kan karɓi matasa su kan ƙi tsofaffi da marasa lafiya da jarirai. Waɗanda aka rasa inda za a kai su, su ne su kan zauna a gidan Casper. Corrie ta ba da labarin wani mai hidimar ikilisiya da aka roƙa ya karɓi jaririn Yahudawa da uwarsa, ya ƙi, ya ce za su iya rasa ransu saboda yaron. Casper ya karɓi jaririn a hannunsa, ya dube shi, ya amsa cewa in haka ta faru zai lissafta shi girma mafi girma da zai sami iyalinsa.

Wataƙila wani zai tambaya, ba a umurce mu mu yi biyayya ga masu mulki ba? An umurce mu, Casper kuwa mutum ne mai kiyaye doka dukan ransa. Amma ka tuna da ungozomar Ibraniyawa cikin sura ta fari ta Littafin Fitowa, waɗanda Fir'auna ya umurta su kashe jarirai maza, suka ƙi saboda tsoron Allah, Allah kuwa ya sa musu albarka. Sa'ad da mai mulki ya umurta a ba da marar laifi ga kisa, ya fita daga iyakar da Allah ya sa masa.

KAMU DA MUTUWA

Wani mutumin Holan, ɗan ƙasarsu, shi ya bashe su. Ranar 28 ga Fabrairu 1944 'yan sandan ciki na Jamus suka faɗa gidan, shekara 100 bayan kakan gidan ya fara addu'a domin Yahudawa. Mutum 6 suka sami shiga bayan bangon, Yahudawa 4 da masu tsayayya 2. Aka doddoke Corrie da Betsie domin su faɗi maɓoyar, ba su faɗa ba. Aka kama mutum wajen 30 a ranar, har da Willem da Nollie. Waɗanda ke bayan bangon suka yi kusan kwana 2 a tsaye cikin duhu, ba ruwa, har waɗansu 'yan sandan Holan masu goyon bayansu a ɓoye suka fitar da su da rai, ko da ya ke ba dukansu suka ga ƙarshen yaƙin ba.

A daren nan, a ofishin 'yan sanda, da lokacin karatun dare ya yi, kamammu suka kewaye tsohon. Ba littafi a hannunsa, sai ya karanta musu daga Zabura da ka, ya yi addu'a kamar yadda ya saba a gida. Da aka kai su birnin Hague, wani babba cikin masu tuhuma ya ga tsufansa, ya so ya sake shi, in dai zai yi alkawari ba zai ƙara ta da fitina ba. Casper ya amsa a natse cewa in ya koma gida yau, gobe zai buɗe ƙofarsa ga duk mabukacin da ya ƙwanƙwasa. Sai aka kai shi kurkukun Scheveningen. Bayan kwana kamar 10, cikin watan Maris 1944, ciwo ya kama shi, aka kai shi asibiti, ya rasu ba ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa a kusa. Aka binne shi a kabarin matalauta. Wanda ya zauna kusa da gadon tsofaffi da yawa, shi bai sami mai riƙe hannunsa ba.

Gidansa ya biya farashi mai tsada. Betsie ta mutu a sansanin mata na Ravensbrück cikin Disamba 1944. An saki Willem, amma ya fito da ciwon da ya kashe shi cikin 1946. Ɗan Willem, saurayi, aka kama shi saboda aikin ɓoye, bai komo gida ba. Corrie aka sake ta a ƙarshen 1944, ta rayu har 1983, ta zaga ƙasashe da yawa tana ba da labarin ubanta, ta kuma rubuta shi cikin littafin da ya fito a 1971. A kan ƙiyasta cewa iyalin da abokan aikinsu sun taimaki mutum kimanin 800. A Urushalima, a wurin tunawa da a ke kira Yad Vashem, an rubuta sunan Corrie cikin 1967 tare da waɗanda ba Yahudawa ba da suka sa ransu cikin hatsari domin ceton Yahudawa, daga baya aka ƙara sunan Casper da na Betsie. Gidan na Haarlem ya zama wurin ziyara tun 1988.

Kada mu ɓoye gaskiya mai ɗaci. Cikin Yahudawan Holan, fiye da 100,000 aka kashe, wato kamar uku cikin kowane huɗu, a ƙasar da ta cika da majami'un Kirista. Masu karanta Littafi ɗaya da Casper suna da yawa, masu buɗe ƙofa kaɗan ne. Waɗansu tsoro ya hana su, waɗansu kuwa tun dā ba su saba ganin Bayahude a matsayin maƙwabci ba, saboda haka da ranar ta zo ba su da abin da za su tsaya a kai.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ya ɗan'uwa, mai yiwuwa ne ba za a taɓa neman ranka saboda baƙo ba. Amma gwajin da aka yi wa Casper ya fara tun shekaru 60 kafin sojoji su zo, a cikin ƙananan abubuwa irin waɗanda ke gabanka yau. Doka ta biyar ta umurce mu mu girmama iyaye, Littafin Firistoci sura 19 kuma ya haɗa girmama mai furfura da ƙaunar baƙo a wuri ɗaya. Sai ka auna kanka da waɗannan tambayoyi.

Akwai tsoho ko tsohuwa a gidanka da a ke ba abinci a ƙarshe, a ke yi wa magana da tsawa domin kunnensa ya yi nauyi? 'Ya'yanka suna kallo, yadda suka ga ka yi haka za su yi maka.

Akwai tsoho a unguwarku wanda ba addininku ɗaya ba, ba kabilarku ɗaya ba, ba shi da mai ɗebo masa ruwa? Ka taɓa aika ɗanka wurinsa? In ka taimake shi, kana jiran ya biya ka da shiga addininka, ko kana yi domin shi ma halittar Allah ne?

Wane irin zance 'ya'yanka su ke ji a bakinka a kan waɗansu al'ummai sa'ad da ku ke cin abinci? Kakan gidan ten Boom ya sa sunan Yahudawa cikin addu'a, jikokinsa suka ba da ransu dominsu. Wani uba ya sa sunan maƙwabtansa cikin zagi, jikokinsa kuwa su ne su kan nuna wa masu kisa ƙofa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Casper ten Boom bai bar wa 'ya'yansa dukiya ba, sai ɗan shago da gida matsattse da hali. Allah ya ba mu alheri mu fara tun yau, tun muna cikin kwanakin lafiya, mu ajiye wa tsoho da baƙo wuri a gidajenmu, domin 'ya'yanmu su tashi su tarar da ƙofa a buɗe. Amin.